Yadda Ake Sa Wa Laftof Modem Na Ciki Idan BIOS Ya Ƙi Karɓar Katin

Tambayar da ta fi yawa a saƙonnin da ake aiko mini kwanan nan iri ɗaya ce: mutum ya sayi katin modem, ya buɗe laftof ya sa shi, ya kunna, sai kwamfutar ta tsaya cik da baƙin allo da lamba 1802, ba gaba ba baya. Wasu kuma ba su kai ga saye ba, suna so ne su san ko ThinkPad ɗinsu ɗan Kwatano zai iya ɗaukar layin waya kai tsaye, su huta da ɗaukar MiFi da cajinsa.

Abin da ke faruwa a taƙaice shi ne, Lenovo da HP suna ajiye wani jeri na katunan da suka yarda da su a cikin BIOS, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows. Da ka danna maɓallin kunnawa, BIOS zai tambayi katin lambarsa, in ba ta cikin jerin sai ya hana kwamfutar tashi. Zan kira shi jerin yarda. Akwai hanyoyi uku na wuce shi, kuma na jera su ne daga mai sauƙi zuwa mai haɗari. Na fi yin bayani a kan ThinkPad saboda shi ya fi tsanani a wannan harka, kuma shi ya fi yawa a hannun masu tambayar. Yawancin kwamfutocin Dell Latitude ba su da wannan shinge, amma matakan eriya da layi da manhaja sun shafe su su ma.

Mataki na 1: Buɗe ka duba kafin ka kashe ko sisi

Abu uku ne dole su kasance a cikin kwamfutar: ramin katin, wayoyin eriya, da gidan layi. In ɗaya ya rasa, lissafin ya canza.

Ramin iri biyu ne. Tsofaffin ThinkPad kamar X220, X230, T420 da T430 suna da rami mai faɗi da ake kira mini PCIe. Daga X240 da T440 zuwa sama aka koma M.2, mai girman 3042, wato faɗin milimita 30 da tsawon 42. Katin wannan ba ya shiga ramin wancan, ko da sunansu ya yi kama. Misali, MC7455 da EM7455 abu ɗaya ne a ciki, amma na farko na tsohon rami ne, na biyu na sabo.

Sai wayoyin eriya. Nemi siraran wayoyi biyu kwance kusa da ramin, galibi da ɗan bututun roba a bakinsu. A ThinkPad ɗaya shuɗiya ce, ɗayar ja a tsofaffi ko ruwan lemo a sababbi. Baƙa da toka da ka gani a jikin wani ƙaramin kati na Wi-Fi ne, kada ka taɓa su. In ba ka ga ja da shuɗiya ba, to an kera kwamfutar ba tare da eriyar modem ba, za ka saye ta daban ka kuma kwance murfin allo don shimfiɗa ta.

Gidan layi a X230 yana cikin ramin batir, sai ka cire batirin za ka gan shi. A wasu sababbin yana gefe ko baya, da ɗan tire kamar na waya. Gargaɗi a nan: ganin tsaga a jikin roba ba ya nufin akwai gidan layi a ciki. Haska fitilar waya ka leƙa, ka tabbatar akwai ƙarfen da zai riƙe layin. Akwai kwamfutocin da aka bar tsagar amma ba a manna gidan a jikin bod ba. In haka ne, shawarata ka haƙura da wannan aiki, domin manna gidan layi aikin mai gyara ne ƙwararre, kuma sau da yawa ba shi kaɗai ne ya ɓace ba.

Abu na ƙarshe: duba ko ramin a cike yake. Masu sayar da laftof na hannu sukan sa ƙaramin SSD a wannan ramin, mSATA a X230 ko M.2 gajere a T480. Rami ɗaya ne, don haka ko SSD ko modem. In Windows ɗinka a kan wannan SSD yake, sai ka fara mayar da shi babban gurbin faifai tukuna.

Mataki na 2: San katin da kwamfutarka ta yarda da shi

Juya kwamfutar ka karanta lambar nau'inta, haruffa da lambobi huɗu na farko, irin su 2325 a X230 ko 20L5 a T480. Da ita za ka nemi littafin gyara na Lenovo mai suna Hardware Maintenance Manual, ko ka duba shafinsu na PSREF, inda suke jera kayan da kowane samfuri ya zo da su. Ga yadda abin yake a waɗanda suka fi yawa a kasuwa:

X220 da T420 suna karɓar Ericsson F5521gw da Gobi 3000. X230 da T430 suna karɓar Ericsson H5321gw da Gobi 3000. Duka waɗannan 3G ne. X240, T440, X250 da T450 suna karɓar Sierra EM7345. X260, T460, X270 da T470 suna karɓar Sierra EM7455. X280, T480 da T490 suna karɓar Fibocom L850-GL.

Ga inda mutane suka fi faɗawa: sunan kati kaɗai bai isa ba. EM7455 ɗaya ne a masana'anta, amma wanda aka yi wa Lenovo yana amsa lamba 1199:9079, wanda ake sayarwa kowa da kowa yana amsa 1199:9071, na Dell kuma, mai suna DW5811e, yana amsa 413c:81b6. BIOS wannan lambar yake dubawa, ba rubutun da ke jikin takarda ba. Saboda haka ka nemi katin da ke ɗauke da lambar FRU ta Lenovo a jikinsa, wato lambar da Lenovo ke ba kayan gyaransa. EM7345 na Lenovo akwai mai FRU 04X6014, EM7455 akwai 00JT542, L850-GL akwai 01AX792. Ka ce mai sayarwa ya turo maka hoton takardar katin da zai ba ka ɗin, ba hoton talla ba.

Mataki na 3: Duba ko katin zai kama netwok a inda kake

Kati yana iya wuce BIOS lafiya lau ya kuma kasa kama 4G, saboda kowane kamfanin waya da zangon da yake watsa sabis a kai. A Najeriya zango na 3 shi ne gama-gari, Airtel na amfani da shi sosai. MTN na da 3 da 7 da 20. Glo ya dogara sosai da zango na 28.

EM7345 da EM7455 duka suna da 3 da 7 da 20, amma ba su da 28. Mai layin Glo ya lura da wannan tun kafin ya biya. L850-GL yana da 28. Wanda za ka guje wa kwata-kwata shi ne EM7355: yana cikin jerin yarda na X240 da T440, yakan ma zo a cikin kwamfutocin da aka shigo da su daga Amurka, amma zangunan 4G ɗinsa na Amurka ta Arewa ne. Zai tashi, zai ga layi, sai dai a 3G zai tsaya. In kana Nijar ko Ghana ko Kamaru, tambayi kamfanin layinka zangonsa, ka gwama da takardar bayanan katin.

Wajen gudu, EM7345 iyakarsa megabit 100 a daƙiƙa, EM7455 300, L850-GL 450. Waɗannan lambobin takarda ne. Abin da za ka samu a zahiri ya dogara da turken sabis na unguwarku, don haka kada ka ƙara kuɗi saboda su.

Mai amfani da Linux ya yi tunani sau biyu kafin L850-GL. A Windows ba shi da matsala, amma a Linux yana ba da wahala saboda yadda yake magana da kwamfuta ta hanyar PCIe. EM7455 ya fi shi sauƙin kai nesa ba kusa ba.

Mataki na 4: Kayan aiki da kuɗi

Ƙaramar sukundireba mai kan giciye, wani siririn abin roba na ɓamɓare murfi, ko tsohon katin banki, ɗan hantsaki, da sikuru ɗaya na M2 mai tsawon milimita 3 in babu shi a ramin. Sai layi mai rajista da NIN da data a ciki, wanda ka gwada a waya ka cire masa lambar PIN.

Katunan nan na hannu a kasuwannin intanet kamar AliExpress da eBay yawanci suna tsakanin dala 10 zuwa 40, ban da kuɗin aikowa. Eriya biyu ba su kai dala 15 ba. Ban sa farashin naira ba saboda canji ba ya zama wuri ɗaya. A gida kuwa, masu kwance matattun laftof a Beirut Road da Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, sukan tara waɗannan katuna a kwali saboda ba a cika neman su ba. Amfanin saye a wurinsu shi ne za ka tafi da kwamfutarka a sa a gabanka, in 1802 ta fito ka ajiye masa kayansa.

In za ka sayi eriya, ka kula da bakinta. Katin mini PCIe yana amfani da baki mai ɗan girma, U.FL. Katin M.2 yana amfani da ƙarami, MHF4. Kallo ɗaya za ka ɗauka iri ɗaya ne, amma ba sa hawa juna, kuma tilasta su shi ke ɓalle bakin katin.

Mataki na 5: Kashe wuta gaba ɗaya

Kashe kwamfutar, ba barci ba. Cire caja, cire batirin waje. Daga T440 da X240 zuwa sama akwai batir na ciki, shi ma sai an kashe shi: kunna, danna F1 ka shiga BIOS, je Config, sai Power, sai Disable Built-in Battery. Kwamfutar za ta mutu da kanta, ba za ta sake tashi ba sai ka sa caja. Tun kana cikin BIOS ɗin, kafin ka kashe batirin, leƙa Security, sai I/O Port Access, ka tabbatar Wireless WAN yana kunne. Kwamfutocin da suka fito daga ofisoshi sukan zo da shi a kashe.

Taɓa wani ƙarfe kafin ka sa hannu a ciki, musamman lokacin hunturu da jiki ke tara lantarki.

Mataki na 6: Sa katin da haɗa eriya

A T440 zuwa T490 murfin ƙasa ake cirewa. Sikurorinsa ba sa fita gaba ɗaya, suna sakin jiki ne kawai, kada ka yi ta ja. A X230 kuwa ramin yana ƙarƙashin inda tafin hannu ke kwanciya, sai ka cire allon rubutu sannan wannan murfin, kana lura da siraran igiyoyin da ke haɗe da su.

Shigar da katin a karkace, ka tura har haƙoran zinariyar su ɓace, sannan ka kwantar da shi ka ɗaure sikuru ba da ƙarfi ba. Ja ko ruwan lemo tana zuwa bakin da aka rubuta MAIN, shuɗiya tana zuwa AUX. Daidaita bakin waya a kan na katin sosai, ka danna da farce ko bayan hantsaki har ka ji ya ɗan yi ƙas. In bai shiga da ɗan danni ba, bai daidaita ba ne, ɗaga ka sake. Wannan shi ne wurin da ya fi lalata kati a hannun masu gaggawa.

Kada ka kunna modem da layi a ciki alhali babu eriya a jikinsa. Zai yi ta ƙoƙarin watsa sigina ba inda za ta fita, hakan na iya illata shi.

In eriya za ka shimfiɗa da kanka, faifan eriyar suna zama ne a saman murfin allo, wayoyin su bi gefe su sauko ta cikin gwiwar murfi. Bi hanyar da wayoyin Wi-Fi suka bi, ka tabbatar gwiwar ba ta cije su idan an rufe. Wasu kan manna eriyar a ƙarƙashin murfin ƙasa don gudun kwance allo. Tana aiki, amma sabis yakan ragu ƙwarai, musamman a cikin ɗaki.

Sa layi, mayar da murfi ba tare da ɗaure sikuru ba tukuna, sa caja, kunna. In Windows ta tashi, tsallaka zuwa mataki na 10. In ka ga 1802, ko 1804 a wasu tsofaffi, ko makamancin wannan saƙon a HP, ci gaba da karatu.

Mataki na 7: Idan BIOS ya ƙi, fara da mafi sauƙi

Kashe, cire katin, kwamfutar za ta tashi kamar da. Babu abin da ya lalace. A sababbin ThinkPad saƙon yakan nuna lambar katin a ƙarshensa, rubuta ta, ita za ta gaya maka ko na Dell aka sayar maka ko na kowa da kowa.

Mafi arha a nan shi ne mayar da katin a karɓo mai FRU daidai. Na san wannan ba shi mai karatu ke son ji ba, amma bambancin kuɗin bai kai darajar bod ɗin kwamfuta ba.

Dabaru biyu da ake yawan yaɗawa, ka bar su. Ta farko ita ce liƙe haƙori na 20 da salatif. Wannan haƙorin na kashe rediyon kati ne, ba ruwansa da jerin yarda. Ta biyu ita ce a kunna kwamfuta ba kati, a sa ta barci, sannan a cusa katin tana da wuta. Wani lokaci tana aiki, amma duk sanda ka sake kunna kwamfutar sai ka sake buɗe ta, kuma kuskure ɗaya da sukundireba a kan bod mai wuta ya isa.

Mataki na 8: Canza lambar katin, ba BIOS ba

Wannan hanyar ta katunan Sierra ce, EM7455 da MC7455, kuma ita na fi so idan babu halin canza kati, domin in an yi kuskure katin ne ke cikin haɗari, ba kwamfutar ba. Kana buƙatar ƙaramin akwatin USB mai ramin M.2 na modem (ko mai ramin mini PCIe in katin MC7455 ne), irin mai gidan layi, da kwamfuta mai Linux. Ubuntu da aka tayar daga filashi ta wadatar.

Sa katin a akwatin, soka a USB, buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, rubuta lsusb ka ga lambarsa. Tsayar da manhajar da ke riƙe modem:

sudo systemctl stop ModemManager

Sannan buɗe ƙofar umarni, wadda galibi ita ce ta uku:

sudo picocom /dev/ttyUSB2

Rubuta ATI, in ya amsa da sunansa kun haɗu. Kafin ka canza komai, tambaye shi abin da yake kai yanzu ka rubuta a takarda, don ka iya komawa. Ga jerin umarnin, ɗaya bayan ɗaya, kana jiran OK bayan kowanne:

AT!ENTERCND="A710"
AT!USBVID?
AT!USBPID?
AT!USBVID=1199
AT!USBPID=9079,9078
AT!RESET

Bayan ya sake tashi, lsusb zai nuna 1199:9079. Yanzu X260, T460, X270 da T470 za su ɗauke shi a matsayin nasu. Duba lambobin sau biyu kafin ka danna Enter. In ka ba shi lambar da Linux bai sani ba, ƙofar umarnin za ta ɓace, dawo da ita kuma aiki ne.

Katin Dell wani lokaci yakan zo da ƙofar umarni a rufe, ba za ka ga ttyUSB ko ɗaya ba. Ana buɗe ta da manhajar qmicli, ta hanyar canza tsarin USB ɗinsa zuwa lamba 8, sannan a cire a sake sokawa.

Tun kana ciki, rubuta AT!IMPREF? ka gani. Katin da aka ciro daga kwamfutar Amurka yakan zo a saite kan Verizon ko AT&T. In manhajar gama-gari tana cikinsa, AT!IMPREF="GENERIC" sannan AT!RESET za su mayar da shi kanta.

To idan kwamfutar ba ta san EM7455 ba ko kaɗan fa, kamar T440 ko T480? Akwai wata dabara. Umarnin AT!CUSTOM="FASTENUMEN",0 yana sa katin ya yi jinkirin bayyana kansa, har BIOS ya gama dubawa bai gan shi ba, sai Windows ko Linux ta same shi daga baya. Kamar ɗalibin da ya laɓe har mai duba kati ya bar bakin ƙofa. Illarta ita ce, idan ka yi Restart maimakon kashewa gaba ɗaya, katin na iya kasancewa a farke, BIOS ya gan shi, 1802 ta dawo. Maganinta kashewa da sake kunnawa. Sabunta Windows da ke yin Restart da kansa zai riƙa tsayawa a nan, sai ka danna maɓalli da hannu.

Mataki na 9: Cire jerin daga BIOS

Wannan ta ƙarshe ce, kuma ta fi dacewa da masu X230 da T430, waɗanda katunan da aka yarda musu kusan duk 3G ne.

Ga dangin nan, wato X230, T430, T430s, T530 da W530, akwai manhaja kyauta mai suna 1vyrain da ke rubuta gyararren BIOS ba tare da an buɗe kwamfuta ba. Tana aiki ne kawai a kan tsohon BIOS, misali 2.60 ko ƙasa a X230, 2.64 ko ƙasa a T430. In naka ya fi haka, sai ka fara saukar da shi da abokiyarta IVprep daga cikin Windows. Bayan nan ka rubuta 1vyrain a filashi, ka cire duk wata kalmar sirri ta BIOS, ka kashe Secure Boot, ka saita tashi a UEFI, ka tayar daga filashin. Za ta sa kwamfutar barci, kai za ka tashe ta, sannan ta ba ka zaɓin rubutawa.

Gargaɗi mafi girma a duk jagoran nan: batir ya zama cike kuma mai riƙe caji, caja a soke. Kada ka dogara da wutar NEPA ita kaɗai da mataccen batir. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, kwamfutar ba za ta sake tashi ba sai an rubuta ayisin BIOS, wato ɗan guntun da ke riƙe da shi a jikin bod, da na'ura daga waje. In BitLocker, wato makullin faifai na Windows, na kunne, dakatar da shi ka ajiye mabuɗinsa, domin canjin BIOS yakan sa ya nemi mabuɗin.

Bayan an cire jerin, katunan mini PCIe da suka dace da zangunanmu sun haɗa da Sierra MC7304, Huawei ME909s-120 da MC7455. Na ƙarshen yana da wata matsala a X230: haƙoransa na USB 3, wato 23, 25, 31 da 33, suna faɗawa kan layukan mSATA, sai katin ya ƙi bayyana. Ko ka liƙe waɗannan huɗun da siririn salatif, ko ka ba shi umarnin AT!USBSPEED=0 a akwatin USB kafin ka sa shi.

Ga T440p da makamantansu sai da na'urar rubuta ayisi, wadda aka fi sani ita ce CH341A, da ɗan maƙali mai haƙora takwas. Ba su kai dala 15 ba, amma arharsu ba ta rage haɗarin ba. Yawancin baƙaƙen CH341A suna tura volt 5 a layukan bayanai alhali ayisin 3.3 yake so, wasu sababbin ma 1.8, don haka a auna da mita kafin a maƙala. A cire duk batura har da ƙaramin na agogo. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce a karanta ayisin sau biyu a gwama:

sudo flashrom -p ch341a_spi -r kwafi1.bin
sudo flashrom -p ch341a_spi -r kwafi2.bin
sha256sum kwafi1.bin kwafi2.bin

In lambobin biyu ba su zo ɗaya ba, maƙalin bai zauna ba, kada ka rubuta komai. In sun zo ɗaya, ajiye kwafin a wuri biyu daban. Shi za a gyara a mayar, kuma shi ne hanyar dawowa. Kada ka taɓa rubuta BIOS ɗin wata kwamfuta da ka sauko da shi daga intanet, ko da samfurinku ɗaya, saboda lambobin shaidar kwamfutarka suna ciki. X230 da T440p ayisi biyu gare su, mai megabait 8 da mai 4, ka san wanda kake taɓawa.

Sababbin ThinkPad suna da kariyar Intel mai suna Boot Guard da ke duba sa hannun BIOS. Ban ba kowa shawarar gwada wannan a kansu ba, tunda katin da suka yarda da shi 4G ne mai kyau kuma yana samuwa. In ka kai wa mai gyara, tambaye shi ko zai ba ka kwafin asalin BIOS ɗinka a filashi. In ya ce ba buƙata, ɗauki kwamfutarka. Kuma bayan an gyara, kada ka yarda Windows ko Lenovo Vantage su sabunta BIOS, jerin zai dawo.

Mataki na 10: Manhaja da saitin layi

A Windows 10 da 11, sauko da direban katin daga shafin Lenovo na samfurin kwamfutarka, ba daga shafukan tara direbobi ba. Direban Lenovo ne ke buɗe rediyon katin, domin katunan da aka yi musu suna tashi a kulle har sai kwamfuta ta ba su izini. Shi ya sa za ka ga kati ya bayyana, ya ga layi, amma ya ce rediyo a kashe yake. Bayan sa direba je Settings, sai Network & Internet, sai Cellular. In bai haɗa da kansa ba, ƙara APN, wato sunan hanyar data ta kamfanin layi, da hannu: na MTN web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, na Glo gloflat.

A Linux wannan kullen da hannu ake buɗe shi, tun daga ModemManager 1.18.4 da aka daina yin sa kai tsaye. Ga EM7455 na Lenovo:

sudo ln -sft /etc/ModemManager/fcc-unlock.d /usr/share/ModemManager/fcc-unlock.available.d/1199:9079

Sake kunna kwamfutar, rubuta mmcli -L ka ga modem, sannan mmcli -m 0 ka ga halinsa. Haɗawa kuma:

nmcli connection add type gsm ifname '*' con-name mtn apn web.gprs.mtnnigeria.net

Mataki na 11: Idan har yanzu bai yi ba

Bi alamar, kada ka yi ta canza abubuwa barkatai. Kati bai bayyana ko kaɗan ba: ko bai zauna a rami ba, ko Wireless WAN a kashe yake a BIOS, ko matsalar haƙoran USB 3 ce. Ya bayyana amma ya ce babu layi: layin a juye yake, ko firam ɗin robar da aka sa ƙaramin layi a ciki ya goce. Irin wannan firam ɗin yakan maƙale ya karya haƙoran gidan layi a X230, gara ka je ofishin kamfanin a ba ka layi mai girman da ya dace, kuma kada ka taɓa tura firam ɗin shi kaɗai babu layi. Ya ga layi amma babu sabis: duba kullen rediyo da maɓallin jirgin sama, a X230 har da ɗan makunnin da ke gefe. Sabis sanda ɗaya alhali wayarka na nuna huɗu a wuri guda: wayar MAIN ta fita ko ta tsinke a gwiwar murfi. Yana kama 3G kawai: koma mataki na 3. Ya haɗa amma shafi ba ya buɗewa: APN ne, ko datar da ke layin ta wani tsari ce da ba ta buɗe komai ba, kamar ta WhatsApp kaɗai.

Saƙon kamfani da lambobin duba data ba kullum suke aiki ta modem ba, musamman masu tauraro da alamar tsani. Sauke manhajar kamfanin layin a wayarka ka yi rajistar lambar tun kafin ka cire layin, ta nan za ka riƙa saye da duba data. Sai ka tabbatar komai na tafiya sannan ka ɗaure sikurorin murfi, kana duba kada wayar eriya ta shiga ƙarƙashin wani daga cikinsu.